Ruwan Wankan Inna

Har yau in na ga ƙwarya da ɗigon shuni a bakinta, sai gabana ya faɗi. A gidanmu na cikin birni, can wajen Ƙofar Mata, haka aka yi wa tawa. Ƙwaryata, moɗata, ludayina, har ɗan akushin da nake cin tuwo, duk Yaya ya bi su ya dangwala musu baba, shunin rini, da yatsa, don kada wani ya yi kuskure ya ɗauka. Yaya shi ne babban wanmu, shi ke riƙe da gida tun rasuwar mahaifinmu. Marini ne, hannunsa shuɗi har gwiwa ko ranar salla. Ba don ƙeta ya yi mini haka ba. Abin da ake yi wa wanda kuturta ta taɓa ke nan, ni kuwa ta taɓa ni.

Ina da shekara goma sha tara, ina ɗakin mijina, tabo ya fito mini a gadon baya. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Uwar mijina ce ta fara gani ina wanka, ta kira ni ta soka mini tsinke a wurin, ta ce, "Kin ji?" Na ce me zan ji? Kafin wata ya ƙare na dawo gidanmu da takardar saki a hannu. An yi jiƙe-jiƙe, an sha rubutu, an yi turare, abu sai gaba yake yi. Da yatsu biyu na hannun hagu suka fara lanƙwashewa, Yaya ya ɗora ni a jaki ya kai ni asibitin kutare na 'yan mishan, can bayan gari, tafiyar rabin yini. Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru a ba da mulkin kai, kuma an ce sabon magani ya zo, 'yar ƙwaya fara da ake haɗiya. Inna, mahaifiyarmu, ta rako ni har bakin ganuwa tana kuka. Shekara huɗu na yi a can.

Na je wurin da tabbacin cewa wani laifi na yi. Ba na shakka ko kaɗan. Kullum sai in zauna in yi ta tonon kaina: ko rashin kunyar da na taɓa yi wa Inna ce, ko sallar da nake yi a gurguje, ko bakina, don ni tun ina yarinya bakina ba ya shiru. Na kama azumi ba ji ba gani, Litinin da Alhamis da duk ranar da zuciyata ta ce in yi, ga magani mai ƙarfi a ciki babu abinci. Can ƙasan raina kuwa haushin Allah nake ji, ina tsoron ko ni kaina in ji na faɗa.

Akwai wata dattijuwa a asibitin, muna ce mata Iya mai ɗauri. Mutuniyar ƙauye ce, ita ma ciwon ya taɓa ta, ya cinye mata yatsu sai dungu, amma babu wanda ya kai ta iya wanke gyambo da ɗaure shi. Ina da wani miki a tafin ƙafa, wanda ba na gani sai na murɗe, ba na kuma jin sa. Ita ke wanke mini kowace safiya. Ranar da jiri ya kwashe ni a gabanta saboda azumi, ta yayyafa mini ruwa, ta jira na farfaɗo, sannan ta ce, "Ke 'yar birni, wa kike lallashi da yunwar nan?"

Na ce, "Allah nake lallashi. Ina ruwanki?"

Ta yi dariya ta ce, "Allah sarki. Shi da ya riga ki nema."

A nan ta fara. Ba wa'azi take yi ba, hira ce tana wankin ƙafa. Ta ce tabon bayana ba shi ne zunubina ba, ciwo ne kawai. Zunubi yana ciki, kuma kowa na da shi, har Baturen likitan da muke gani tsaf-tsaf. Ta ce babu mai iya wanke kansa daga shi, ko zai yi azumin shekara. Shi ya sa Almasihu ya zo, ya ɗauki ƙazantar mutane a kansa, ya mutu a kan gicciye a madadinsu, ya kuma tashi. Ta ce, "Aikin ya ƙare, ba a bar miki saura ba. Kin ga mikin nan? Ba kya ganinsa, ba kya jinsa, ba ki iya wanke shi ba. Me kike yi kowace safiya? Miƙo ƙafa kawai. To, bangaskiya ke nan."

Na wanke ta tas. Na ce mata arniya, na ce an saye ta da tuwon mishan, na ce Annabi Isa ba a kashe shi ba, kowane yaro a birni ya san haka. Ta ce, "To. Miƙo ƙafar." Fiye da shekara muna haka, ina zaginta tana ɗaure ni. Ba hujja ce ta kayar da ni ba, don Iya ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Gajiya ce. Na gaji da lallashi, kuma ga wata tana ce mini an riga an karɓe ni tun ina cikin warin mikina. Wata rana na koma ɗaki na fashe da kuka, na ce, in gaskiya ne, ga ni. Bayan damina aka yi mini baftisma a wani rafi kusa da asibitin, mu biyar.

Ba zagin addinin iyayena nake yi ba, kada wani ya ɗauka haka. Inna ta fi ni tsoron Allah nesa ba kusa ba. Abin da ya same ni kawai nake faɗa.

Da aka sallame ni, aka ba ni takarda cewa na warke, ba na kuma shafa wa kowa. Yaya bai iya karatun boko ba. Ya juya ta gaba da baya, ya soke ta a jikin azara a zaure, ya je ya ɗebo baba ya yi wa kwanukana alama. Ranar na gane cewa warkewa daban, yardar mutane daban. Ɗaya maganar kuwa, ta rafi, ko kusa ban kawo ta ba.

Ta yaya zan kawo ta? A cikin ganuwa babu majami'a, ban kuma san mai bi ko ɗaya ba. Suna can Sabon Gari, cikin baƙi. Bazawara mai guntayen yatsu ba za ta taka daga Ƙofar Mata zuwa can ba tare da mutum goma da suka san Yaya sun gan ta ba. In maganar ta fita, ba ni kaɗai za ta ci ba. Masu kawo wa Yaya rini za su janye, 'ya'yansa mata za su rasa manema, Inna kuwa ban san ko za ta ƙara ɗaga kai a unguwa ba. Ni kaina ina zan nufa? Ba ni da ko tabarma tawa. Sai na kulle bakina.

Aiki dai an samo mini. Ba na taɓa girki, ba na taɓa tulun sha, ba na ɗaukar jariri. Amma ɗaurin zane, wanda ake ƙulle yadi da zare kafin a tsoma shi a karofi don ya fito da ado, wannan an bar mini. Yaya ya ce duk abin da ya kwana cikin baba da toka babu cutar da za ta rayu a jikinsa. Da hannun dama da haƙori nake jan zaren, kuma ba yabon kai ba, ɗaurina ya yi suna. Masu saye ba su san hannun wa ya bi ta kai ba.

Salla ce ta fi ci mini rai. Ɗakinmu ɗaya da Inna. Da an kira, sai ta shimfiɗa tabarma biyu, ta ce, "Auta, taso." Auta take ce mini, don ni ce ta ƙarshe. Sai in yi alwala, in tsaya a gefenta, in sunkuya in ta sunkuya, in kai goshi ƙasa in ta kai. Leɓena na motsi, amma da Almasihu Mai Ceto nake magana, yawanci ma haƙuri nake ba shi. Sau biyar a yini, shekara uku. Ina cutar Inna, ina jin kamar ina cutar shi, kuma in na ɗago kaina tsanar kaina nake yi.

Wata uku-uku nake komawa asibiti a duba ni a ba ni magani. Wannan ce kaɗai fitata, kuma ita ce kaɗai ranar da nake buɗe baki. Wani zuwa na kama Iya a bayan ɗakin ɗauri na ce, "Iya, gaya mini gaskiya. Ceton nan yana zuba? Don in yana zuba, nawa ya daɗe da kodewa."

Ta ce, "Ba zan ce miki ƙarya ba ƙarya ba ce. Ƙarya kike yi, kuma tana cin ki, ga shi nan duk kin rame. Amma ba gaskiyarki ce ta cece ki ba, balle ƙaryarki ta warware. Wanda ya wanke ki ya san gidan da za ki koma tun kafin ki shiga rafin."

"To in faɗa musu ko in yi shiru?"

"Ranar faɗa za ta zo. In ta zo za ki gane ta."

Kai, ranar kamar in shaƙe ta! Na ce, "Ke kina nan cikin shingen mishan, kina waƙa da ƙarfi ran Lahadi, wa zai kore ki? Ki zo ki kwana ɗaya a ɗakin Inna mana, mu ga bakin naki." Ta ce na faɗi gaskiya, nata ya fi sauƙi. Wannan ma ya ƙara ba ni haushi, don na so ta musa in samu abin faɗa.

Duk da haka abin ya yi aiki a jikina ta inda ban zata ba. Matar Yaya mace ce mai tsabta har ta yi yawa. In ludayina ya faɗi a tsakar gida, da itace take ɗage shi. In na bi ta kusa da murhu sai ta rufe tukunya. Da a da ne, da unguwa ta ji mu. Sau nawa maganar ke zuwa mini har bakin leɓe, mai zafi, wadda na san za ta hana ta barci. Sai in tuna irin zagin da na yi wa Iya tana riƙe da ƙafata, in tuna ba a jira na gyaru ba kafin a yafe mini. Sai in haɗiye. Ba kullum ba, kada in yi ƙarya. Akwai ranar da na ce mata ta bi a hankali, ciwon ba ya tambayar 'yar gidan wa ce. Kwana biyu ina jin kunyar Mai Ceto, daga baya na ɗaure mata zane mai kyau na aika karofi ban ce komai ba.

Inna tana ganin duk wannan. Wata rana da azahar, kowa na tsakar gida, ta ture akushinta gefe, ta jawo nawa mai alamar shuni, ta sa hannu. Matar Yaya ta ce, "Inna!" Inna ta ce, "Na'am?" ta ci gaba da ci. Tun daga ranar tare muke ci. Na so ta fiye da da, kuma bakina ya ƙara nauyi. Ta yaya zan dubi matar da ta sa hannu a kwanona in ce mata na bar hanyarta?

A bazarar shekara ta uku ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Matar Yaya na jego, don haka jinya ta faɗo kaina, babu wanda ya yi gardama. Ni ke juya ta, ni ke goge ta, ni ke ba ta kunu a baki.

Wata safiya da hantsi Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta zo dubiya. Inna ta sa aka kira matar Yaya, ta kuma ce a kira "mai gidan," don Yaya ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa. Inna ta ce a tayar da ita zaune, ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ku zama shaida. In na cika, Auta ce za ta wanke ni. Ban yarda wani hannu ya riga nata ba."

Gwaggo ta yi salati ta ce, "Haba dai, ga mu nan da ranmu. Yarinyar nan da lalurarta..."

Inna ta ce, "Lalurar ce ta sa na faɗa. Shekara uku ana gudun hannun nan a gidan ubanta. Ina so matan unguwa su ga hannun da ya wanke ni, in ga wadda za ta ƙara ɗage mata ludayi da itace. Wasiyya ce."

Matar Yaya ta sunkuyar da kai. Yaya ya ce, "An ji, Inna." Ni kuwa na tashi na kwantar da Inna. Kowa ya ɗauka daɗi ne ya hana ni magana.

Ga inda abin yake. Mace Musulma ce ke wanke gawar mace Musulma, wannan tun muna yara muka sani. A wurina, ruwan wanka ba shi ke kai mutum gaban Allah da tsarki ba, an koya mini haka kuma na gaskata. Amma a wurin Inna wannan shi ne haƙƙinta na ƙarshe a duniya. Matar da ta sayi likkafaninta tun da ƙarfinta, ta ninke shi a ƙasan adudu, tana fito da shi lokaci-lokaci ta kakkaɓe. In na yi shiru na wanke ta, a idon addininta za a kai ta kabari da wankan da ba a san matsayinsa ba, kuma babu wanda zai sani sai ni da Allah. In na faɗa, na rasa gida, na kuma mayar mata da kyautarta a fuska. Ta so ta ɗaga ni, ba ta san ta rufe ni a ɗaki ta jefar da mabuɗi ba.

Kwana goma sha ɗaya ta ƙara. Sau uku ina shirya maganar. Na farko na ce, "Inna," ta ce, "Na'am, Auta," na ce, "Kunun ya huce." Na biyu ta riga ni, ta kama guntayen yatsuna ta ɗora a kumatunta ta ce Allah ya haɗa mu a aljanna. Na ce amin, ina jin kamar ana yanka ni. Ita tana roƙa mini ta hanyarta, ni ina roƙa mata ta tawa, kowa na tsoron inda ɗayar za ta. Na uku na buɗe baki, na ga yadda ƙirjinta ke hawa da sauka da ƙyar, na ce a raina, in na faɗa yanzu, da baƙin cikin 'yarta ta zama 'yar wuta za ta tafi. Na rufe bakin. Ranar komawata asibiti saura wata biyu, babu Iya, babu wanda zan tambaya. Na roƙi Mai Ceto ya nuna mini ƙofa. Na roƙe shi har da faɗa, na ce kai ka sa ni a nan, kai za ka fitar da ni. Ban ga ƙofa ba.

Ta cika ranar Alhamis da walaha, kanta a cinyata. Kafin azahar gida ya cika da mata. Maza sun tafi haƙar kabari, an aika a ɗauko makara, ana so a kai ta kafin la'asar. Aka kewaye lungun bayan ɗakinmu da zana, aka ɗora ruwa a wuta, aka kawo ganyen magarya da sabulu da kafur. Gwaggo ta fito da likkafanin daga adudu. Sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, don ta sauke nauyin shaida, ta ce, "Auta, taso. Marigayiya ke ta ce."

Ina da ƙarya a shirye, na daɗe da tanadinta. Zan ce hannuna ba ya jin zafi ko sanyi, ina tsoron in ƙona ta da ruwa. Hannun hagun kam da gaske ba ya ji, amma ba shi ne dalilina ba. Kowa zai yarda, har a yaba mini hankali. Na miƙe da niyyar faɗinta. Sai na ga ƙafar Inna ta leƙo daga ƙarƙashin mayafi, na ji ba zan iya ba. Shekara uku ina mata ƙarya tana da rai. A kan gawarta kuma? Na ce wa Gwaggo ta ba ni minti ɗaya, na wuce soron ciki, na aika a kira mini Yaya daga zaure.

Ya shigo idonsa ja. Ya ce, "Mene ne? Ana jiran ki."

Na ce, "Yaya, ba zan wanke Inna ba."

"Wasiyya ce fa."

"Na sani. Ni ba Musulma ba ce, Yaya. Tun a asibiti. Almasihu nake bi, an yi mini baftisma. Duk tsayuwar da nake yi a gefen Inna ba sallarku nake yi ba."

Ya yi salati a hankali, ya dafa bango. Ya ɗaga hannun nan nasa shuɗi, na rufe ido ina jiran mari, bai sauko ba. Da na buɗe ido yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Ta sani?"

"Ba ta sani ba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Da marin ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Muna jin hayaniyar mutane a zaure. Sannan ya matso ya rage murya ya ce, "Saurara. Ba ki faɗa ba, ban ji ba. Zan ce ni na hana, saboda hannunki. Ba za ki tona mana asiri ranar mutuwar uwarmu ba, ko bayanta. Ba na korar ki, don ta bar mini ke amana. Amma ƙafarki ba za ta ƙara fita gidan nan ba. Maganin ma ni zan riƙa karɓo miki." Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa bai waiwayo ba, ya ce, "Da kin yi shiru, da kin cuce ta. Wannan kam ba ki yi ba."

Ya shiga tsakar gida ya gaya wa Gwaggo, a gaban mata, cewa shi ne babba kuma ya hana, lalura lalura ce, Allah ya ga uzuri. Na ga ajiyar zuciyar da Gwaggo ta yi. Na ji wata daga baya ta ce, "Dama dai." Wata ta ce, "Ai gara haka, rai ya fi." Abin da Inna ta tattara sauran numfashinta don ta goge, a ranar aka ƙara tabbatar da shi, kuma da bakina na jawo. Gaskiyar da na faɗa mutum ɗaya ya ji ta, ya kuma binne ta nan take. Shekara shida na ƙara a gidan, ina ɗaurin zane, ina ci a akushi mai shuni ni kaɗai. Yaya bai ƙara tayar da maganar ba, bai kuma ƙara cewa in tashi in yi salla ba. Iya ban sake ganinta ba, ta rasu ina ciki. Abu ɗaya na samu: na daina ƙarya sau biyar a yini, kuma na gane ceton bai zube ba, don shi ya riƙe ni a shekarun nan, ba ni na riƙe shi ba.

Amma a ranar ban san duk wannan ba. Abin da na sani, ana shiga da Inna bayan zana ba tare da ni ba. Na ce wa Gwaggo, "Ko ruwa a bar ni in ɗebo." Ta ce, "Ɗebo, ki ajiye a bakin zana." Na je rijiyar tsakar gida na yi ta jan guga da hannu ɗaya da rabi, ina cika tulu ina kaiwa, ana sirkawa da na wuta ana shiga da shi. Da suka ce ya isa, na rasa inda zan sa kaina. Na zagaya ta bayan zanar, inda babu kowa, na zauna a ƙasa.

Ina jin muryar Gwaggo tana cewa a juya ta dama. Ina jin zubar ruwa. Can sai ga shi ya biyo 'yar kwata ta ƙarƙashin zanar, da kumfar magarya a kai, ya nufo inda nake. Na ce wa Mai Ceto, kai ka wanke ni ban cancanta ba. Ga uwata. Ban san abin da zan roƙa ba, ga ta nan dai. Na miƙa hannun hagu, wanda take ɗorawa a kumatunta, na shimfiɗa shi a cikin kwatar.

Daga baya na ji Gwaggo tana gaya wa masu gaisuwa cewa sun ɗumama ruwan sosai, don marigayiya ba ta son sanyi. Ni dai hannuna na ciki har ruwan ya ƙare, ban ji ɗuminsa ba.